Kunnen Labbo Bakanike

A bayan tashar Ƙauran Namoda Labbo ya yi rayuwarsa, ƙarƙashin wata rumfar kwano da baƙin mai ya rine ƙasarta. Mutumin ƙauyen Banga ne, noma ya gada, amma tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi wani maigyaran mota, bai sake komawa gona ba. Direbobin hanyar Shinkafi da Zurmi sun san shi da abu ɗaya: ba ya saurin kwance inji. Sai ya ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya faɗi inda ciwon yake.

Da bazarar bara sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an ɗaga murya. Matarsa Tasalla kaɗai ta sani.

"Malam, ka gaya ma mutane mana," in ji ta.

"In gaya musu mi? Wa za ya kawo ma kurma mota?"

Ya koma rumfa, ya koyi kallon leɓen mai magana, yana murmushi a inda bai ji ba.

Ran nan Wakili, tsohon abokinsa mai jigilar fasinja zuwa Zurmi, ya shigo da tsohuwar Golf ɗinsa.

"Labbo, motagga ta ishe ni. Da ta ɗau zahi sai ta mutu. Sai ta huce kana ta tashi."

Labbo ya buɗe murfin inji, ya ce a tayar. Ya karkata kai kamar yadda ya saba, amma abin da ya iso masa bai wuce gurnani daga nesa ba. Ya duba kan batir, ya kankare tsatsa. Ya zaro fulogogi, ya tarar sun yi baƙi, ya sa sababbi. Ya canza filtar mai. Mota ta tashi lafiya, don a lokacin a sanyaye take.

"Fulogi na," ya ce. "Tahi abinka."

Washegari, cike da 'yan kasuwa, motar ta mutu a tsakiyar daji kafin Zurmi, a wurin da direbobi ba sa ko rage gudu saboda 'yan bindiga. Wakili ya yi ta murɗa makulli, ta ƙi. Mata suka soma salati. Wata mai goyo ta sauka ta kama tafiya da ƙafa tana kuka, sauran suka bi ta. Allah ya tsare, ba wanda ya fito musu, har wata motar itace ta ja shi zuwa gari. Can wani bakanike ya sa kunne bayan kujera, ya ce famfon mai da ke cikin tanki ne, ai ga shi yana ta kuka, ya kusa ƙonewa.

Da Wakili ya dawo Ƙaura, ya tarar da Labbo a sunkuye yana wanke sifana. Ya tsaya bayansa ya zazzage duk abin da ke ransa, da ƙarfi, har masu shayi suka juyo. Labbo bai ɗago ba. Wakili ya matso kusa da shi. Ya kira sunansa a hankali, ya sake kira. Sannan ya zagayo gabansa ya tsuguna.

"Tun yaushe?" ya tambaya, yana nuna kunnensa.

Labbo ya dube shi, ya dubi masu shayin da suka zuba musu ido.

"Tun ciwon nan."

"Da ka hwaɗa mini, Labbo. Da ni na saurara maka. Rayukka na ɗauko."

Labbo ya ci gaba da wanke sifana a cikin kwanon fetur.

Wakili bai yayata maganar ba, amma an riga an gani. Motoci suka riƙa wuce rumfar zuwa garejin gaba. Wakili kansa yakan tsaya su gaisa, ya zauna kan benci, sai dai motarsa a can take kwana idan ta lalace.

Yanzu Labbo faci yake yi da canjin baƙin mai. Yana fitowa da sassafe, ya share gaban rumfa, ya zauna fuskantar titi don kada wani ya yi masa sallama ta baya.