Ƙishirwar 'Yata Ta Fari

Shekarun baya, da ɗan dama yanzu, muna zaune a unguwar New Bell a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakar gida. Maigidana direban babbar mota ne mai kai kaya arewa, sai ya yi mako uku ban sa shi a ido ba. Ni kuwa ina koya wa matan unguwa karatu da rubutun ajami bayan la'asar, abin da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Dangina duk suna nesa.

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. Ana yaye ta surukata ta ɗauke ta zuwa gidanta a unguwar Nkololoun, kamar yadda muka taso muka tarar ana yi. Wanda ya san mu ya san kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai uwa ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Na riƙe wannan kunya da ƙarfi, har kaina yakan kumbura in ana yabona da ita. Yarinyar kakarta take kira Inna, ni kuma Yaya. Tana shekara bakwai Allah ya karɓi ran tsohuwar, aka kawo mini ita da ƙullin kayanta. Muka zauna ɗaki ɗaya kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha. In zan kira ta sai in ce, "Ke."

Ba a jima ba na fara lura da shan ruwanta. Ta ajiye moɗa yanzu, an jima ta koma. Sai shiga bayi ba ƙaƙƙautawa. Daga nan na riƙa tarar da tabarmarta a jiƙe da safe, yarinyar da ta bar wannan tun tana ƙarama. Ga ci, ta cinye nata ta kalli nawa, amma zaninta kullum sai an ƙara matse shi a ƙugu. Wasan da take fita yi da yaran gida ma ta daina, sai ta jingina da bango tana kallonsu.

Kowace mace a gidan da nata ganin. Wata ta ce kewar kakarta ce. Wata ta ce tsutsar ciki, wata ta ce palu ne, wato zazzaɓin sauro, har ta miƙo ragowar ƙwayoyinta. Wata ma cewa ta yi a tara yara su yi mata waƙar masu fitsarin kwance, za ta daina. Ni da ya kamata in fi kowa magana, ina gefe ina tsince shinkafa kamar zancen 'yar maƙwabta ake yi.

A ɗaki kuwa na yi abin da na iya. Na rubuta mata addu'o'i a allo, na wanke, na zuba zuma don ta sha da daɗi. Ta shanye tas ta ce a ƙara, ni kuma ina murna wai alamar karɓuwa ce. Kuma tunda ba ni da wanda zan faɗa wa, sai na riƙa rubutawa a bayan littafin ɗalibaina da ajami: yau ta sha moɗa kaza, ta shiga bayi sau kaza, ta jiƙa tabarma. Ban san amfaninsa ba. Nauyin ƙirjina kawai nake ragewa.

Maƙwabciyata ta ɗakin ƙarshe, wata Bafulatana 'yar Garwa da ba ta iya ɓoye magana, ita ta ja hannuna wata safiya zuwa bayan ɗaki inda na ajiye fo ɗin da yarinyar ke fitsari a ciki.

"Malama, duba nan. Kin taɓa ganin kiyashi ya yi layi a kan fitsari?"

Na duba. Sun yi baƙi a bakinsa.

"Babana haka ya yi kafin a gano ciwon suga," in ji ta.

Na ce, "Haba dai! Ciwon alhazai masu tumbi? Yarinyar da ko tsoka ba ta da ita?"

"To zauna nan kina ta kunya. Ke ce uwarta ko ni? Asibiti za ki kai ta, su tsira mata yatsa su gani. Ba ya ɗaukar lokaci."

Na ce bari in ji ta bakin maigida. Na kira shi kwana biyu, wayar ba ta shiga. A rana ta uku, bayan sallar asuba, yarinyar ta yi amai. Numfashinta ya zama mai zurfi da sauri kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani irin ƙamshi kamar na mangwaron da ya nuna ya wuce. Maƙwabciyata ta riga ta tafi kasuwa. Na ce, "Ke, tashi mu je." Ta miƙe, ƙafafunta suka ƙi.

Na tsaya ina dubawa ko wata za ta ɗauke ta. Kowa na harkar gabansa. Sai na durƙusa na goya ta, na ɗaure da zani, na ratsa tsakar gida. Wata daga bakin famfo ta ce, "Iye, yau Malama ce da goyon 'yar fari!" Ban juya ba. Abin da ya tsorata ni rashin nauyinta ne. Na tare mai babur, bensikin kamar yadda muke ce musu a nan, muka kama hanya.

A asibiti wata nas ta ɗauki biro ta ce, "Son nom?" Sunanta take tambaya. Na waiga, kamar akwai wanda zai faɗa a madadina. Ba kowa. Na karɓi biron na rubuta da ajami na tura mata. Ta juya takardar sama, ta juya ƙasa, ta ce, "Maman, wannan kuma mene ne? Ba ki da baki ne?"

Sai na faɗa. Shekara bakwai da suna, ran nan ya fara fita daga bakina. Yarinyar da ke kwance a benci ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

Suka tsira mata yatsa, suka ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, suka kuma gwada fitsarinta. Na ga nas ɗin ta daina wasa. Nan take aka kwantar da ita aka sa mata ruwa a jijiya. Likitan, wani ɗan arewa mai jin Hausa, ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na buɗe littafina na karanta masa rana bayan rana. Ya ce ciwon suga ne nau'i na ɗaya, wanda yakan kama yara. Jikinta ya daina yin sinadarin insulin, sai an riƙa yi mata allurarsa kullum. Na sunkuyar da kai na faɗa masa zancen zuma. Ya ce, "Malama, ba zumarki ta kawo shi ba, ba laifin kowa ba ne. Jinkiri ne kawai ya kusa yi mana ɓarna."

Kwana shida muka yi, daga ni sai ita. A can aka koya mini yin allurar. In na ɗauki allurar, ita ce ma take cewa, "Yi kawai, Yaya, ba zafi."

Har yau ban raina kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kai ba, akwai kyau a cikinta. Amma an tsara ta ne don gidan da ke cike da kakanni da goggonni masu sa ido a madadin uwa. Ni ba ni da su, kuma na ci gaba da kau da kai. Don haka duk wadda ta ga ɗanta yana yawan ƙishirwa da fitsari, yana ci yana ramewa, ta kai shi a gwada jininsa a ranar. Addu'a ba ta hana wannan.

Yarinyar ta girma, alhamdulillahi, tana aure a unguwar Sodiko, ita take yi wa kanta allura. Gada ɗaya ce tsakaninmu, amma sai mu yi wata ba mu haɗu ba. Ni dai har yanzu, in na idar da sallar asuba, nakan wanke hannu da sabulu in zauna bakin gado, sannan in tuna ba mai jiran in yi mata allura. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ba duk mai jinya haƙuri.