Kurihara da Layin Ranar Alhamis

Shekara ashirin da shida ina wanki da guga a shagona, bango ɗaya da shagon taliyar ramen na Sawada, ban taɓa zaton wata rana sai na ce "a ɗan matsa" kafin in buɗe ƙofata ba. Tun da aka nuna taliyarsu a talabijin, layi ke tashi daga labulen ƙofarsu, ya toshe tawa, ya sha kwana. Kujera tara ce kacal a ciki. Mutum ya tsaya awa biyu, ya ci cikin minti goma, ya fito yana sunkuya wa mai shago kamar kyauta aka ba shi. Kullum sai wani ya leƙo ya tambaye ni ko abincin ya kai a yi masa wannan jira. Da can amsata ɗaya ce, taliya dai taliya ce.

Kurihara Tetsuo ya riga su duka sanin wurin. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa bas a garin nan, ranar hutunsa Alhamis. Duk Alhamis sai ya ajiye mini rigunan aikinsa, shi da matarsa Fumie su shiga wurin tsoho Sawada su zauna a kujeru biyun ƙarshe. Shi ba mai magana ba ne, in ya ce maka "an yi sanyi" to ya yi hira mai tsawo. Fumie ke yi musu surutun su biyu. Da layi ya zo, ga gwiwarsa ta lalace, sai suka daina zuwa.

Ni na fara gane Fumie ba lafiya. Sau uku ta zo karɓar rigar sanyin da ta riga ta karɓa. Daga mantuwa sai ƙin abinci. Ya dafa shinkafa ta kau da kai, ya gasa kifi ta ture. Likita ya ce masa in ta ƙara ramewa za a kwantar da ita a riƙa ba ta abinci ta roba, kuma dukanmu a unguwar mun san wanda aka kwantar haka ba ya komowa gida. Abu ɗaya kawai take nema da bakinta. Da safe sai ta ce, "Baban Noriko, yau ba Alhamis ba ce? Ba za mu wurin Sawada ba?"

Yanzu ɗan Sawada ke riƙe da shagon, kuma ya kafa allo a ƙofa. Ba a kama wa wani layi, sai kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ba a fita da abinci, don taliya jiƙewa take yi. In romo ya ƙare, an tashi.

Alhamis ta farko da Kurihara ya kawo ta, sun yi minti arba'in a layi Fumie ta ce fitsari. Na shigar da ita bayina. Da suka fito, wurinsu na nan, matashin da ke bayansu har ya ja da baya. Kurihara ya sunkuya masa, ya kama hannun matarsa suka koma can ƙarshe. Ba su kai ko'ina ba ranar. Alhamis ta biyu saura mutum huɗu a gabansu aka sauke labule, romo ya ƙare.

Raina ya ɓaci, na tare shi a ƙofata.

"Kurihara-san, kai wane irin mutum ne? Ɗan Sawadan nan a gabanka ya koyi tafiya. Bari in yi masa magana ku shiga ta baya."

"A'a, Ogata-san. Kar ki wahalar da shi."

"Wace wahala? Kwano biyu?"

"In ya shigar da mu, me zai ce wa waɗannan? Wasu daga Akita suka taso."

"Su koma Akita! Cikinsu lafiya lau yake."

Ya ɗan yi murmushi. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa barin wani ya hau motata kafin na gabansa ba. Yau kuma ni zan tsallake?"

"To ai sai a rubuta maka a kan kabari: ga wanda bai taɓa tsallake layi ba."

"Da kin kyauta," in ji shi.

Na yi wa ɗan Sawada maganar duk da haka. Ya fito da kansa, hula a hannu, ya roƙe shi. Suka yi ta sunkuya wa juna a bakin titi, wannan na ba da haƙuri, wancan na ba da haƙuri, kowa ya koma inda ya fito. Kujerar naɗewa kawai ya yarda ya karɓa daga hannuna, ita ma don Fumie.

Alhamis ta huɗu aka wayi gari da ruwa, layin ya ragu. Awa ɗaya da rabi ya tsaya da lema a kanta, in layi ya motsa ya tashe ta, ya matsar da kujerar, ya sake zaunar da ita. Da na ga sun ɗaga labule, na kashe dutsen guga, na kwashi tawul ɗin shagon da na wanke, na bi ta ƙofar baya. Ban iya zama ba.

Ɗan Sawada ya sa an ba su kujerun ƙarshe, iyakar abin da aka bar shi ya yi ke nan. Ya ajiye kwanon a gabanta da hannu biyu. Fumie ta ɗauki cokali, ta kurɓi romon sau ɗaya. Ta ajiye. Ta ja hannun rigar mijinta, ta rage murya don kar mai shago ya ji kunya.

"Baban Noriko, mu tashi. Mu je wurin Sawada kawai."

"Nan ne, Fumie."

"Kai dai ba ka da baki. Tashi kar su rufe."

Ya cinye nasa, ya jawo nata ya cinye har romon, don ba a barin saura a gaban wanda ya dafa. Ya yi godiya, suka fito.

Da ya kawo mini kujerar na ce, don in rage masa zafi, "Yaron ya canja romon ko? Ba hannun ubansa ba ne."

Ya girgiza kai. "Bai canja komai ba. Daidai yake da na da." Ya tsaya yana naɗe lemar. "Da ma a ce ya canja, da sai in nemi wani shagon."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da nake zolayarsa.

Ranar Litinin za a kwantar da Fumie, 'yarsu Noriko ta zo daga Osaka ta sa hannu. Yau Alhamis. Da safen nan Fumie ta sake tambaya, ga su can wajen kwanar, mutum talatin da wani abu a gabansu, yana matsar mata da kujera. Ɗazu wata yarinya da jakar baya ta leƙo ta tambaye ni ko abincin ya kai a jira shi. Na ce mata ban sani ba.