Tukunyar Noben da Inna Ta Kife

Shekarar da Nasara suka fara ɗibar samari aikin soja a ƙasarmu, gwiwata ta dama ta kumbura ta yi suntum. A Zermu kowa ya san maganin irin wannan: nobe, ciyawar nan mai ƙamshi. A dafa ta, a gasa wurin da ruwan, a sha saura. Kumburi ya saɓe, ƙamshin ya kwantar wa mutum da hankali har barci ya sace shi. Innata kuwa wurinta ake zuwa daga unguwanni don ta haɗa.

Ta ɗora tukunya ke nan mai gari ya aiko cewa Kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, yana son namiji ɗaya daga kowane gida, kuma ni aka ambata a namu. Lokotoro, wato likitan Nasara, zai duba mu a Damagaram ranar kasuwa. Inna ta tsaya ta dubi ƙafata, sai ta sauke tukunyar ta kife a ƙasa.

"Inna, me ke nan?"

"Nasara ba ya ɗaukar gurgu. Ka daure."

Na daure, amma ba da daɗin rai ba. Ni mutum ne mai raki, ban ɓoye ba. Na yi roƙo, na yi fushi, na ce mata ashe ba ta ƙaunata. Abin haushi, maƙwabta suna ta zuwa tana dafa musu, ƙamshin yana iske ni a ɗaki ina juyi. Ita kuma ta bar shigowa inda nake, don kada tausayi ya karya ta.

Ranar tafiya ko tsayuwa ba na iyawa. Ƙanena, wanda bai daɗe da fara riƙe garma ba, shi ya aza ni a jaki ya ja har bakin bariki. Ina ta addu'ar kada kumburin ya ragu a hanya.

Lokotoro ya latsa gwiwar, na ƙwalla ƙara, ya yamutsa fuska ya kaɗa hannu. Na tsira! Har na fara hamdala, sai ya ɗaga kai ya dubi mai riƙe da jakin, ya yi magana.

Tafinta ya ce, "Wannan fa, ɗan gidanku ne?"

Kafin in buɗe baki ƙanena ya ce, "Yayana ne."

Suka buɗe bakinsa suka duba haƙora, suka bubbuga ƙirjinsa, suka tura shi cikin layin waɗanda aka ɗauka.

Inna tana tsaye a bakin hanya da na dawo, murna fal a fuskarta. Sai ta leƙa bayan jakin.