Ranar da na goge rubutun ɗan'uwana

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ba na jin zai kwashe ranar Asabar ɗin da muka buɗe dandalinmu a Kafanchan.

Mu wata ƙungiya ce ta masu rubuta manhaja, irin wadda kowa ke iya buɗewa ya duba, ya gyara kyauta. Akwai 'yan coci, akwai 'yan masallaci, kuma duk mun gaji da zaman haya a shafukan manyan kamfanoni. Sai muka ce bari mu kafa namu dandalin gajerun saƙonni. Ni da wani abokin aikina, Musulmi ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa, muka ɗora shi a kan wata kwamfuta a bayan shagona, muka jona mata sola. Mun yi makonni muna gardama kan suna da launi. Aka ba ni admin, wato mai kula da dandalin, saboda ni ce mai shago, na karɓa ina hura hanci kamar an naɗa ni sarauta.

Ran buɗewa da safe abokin nan ya hau babur zuwa wani ƙauye a wajen Kagoma, zai gyara wa wani sola. Mu kuwa sai murna, jama'a na ta shigowa, har waɗanda ba ruwansu da manhaja. Kusan azahar sai ga hoto ya faɗo: hayaƙi baƙi ƙirin bisa rufin gidaje, a ƙasa an rubuta, "Sun fara a ƙauyenmu." Ɗan ƙanen babana ne ya sa. Ƙauyen kuwa shi ne inda abokina ya tafi.

Duk wanda ya girma a Kudancin Kaduna ya san abin da irin wannan magana ke jawowa. Matasa su tare hanya, su fara tambayar mutum sunansa. Na kira abokina, waya ba ta shiga. Hoton kuma sai yaɗa shi ake yi, har ya fara tsallakawa wasu dandalolin da namu ke haɗe da su.

Na kira gwaggona da ke zaune a ƙauyen. "Anti, me ke faruwa a wurinku?"

"Ba komai fa," in ji ta. "Rumbun maƙwabci ne ya kama wuta, suna ƙona ciyawa. Mun kashe wutar tun ɗazu, Ubangiji ya taimaka."

Na roƙe ta ta sa a ɗauko mini bidiyon ƙofar gidanta. Na zauna ina jira. Da a shafin kamfani ne, sai in kai ƙara in zauna ina zagin mutanen da ba su san inda Kagoma take ba. Nan kuwa ba wanda zan kai wa ƙara, ni ce. Kuma na san in na goge, 'yan'uwana za su ce na rufa wa wasu asiri. Bidiyon na shigowa na goge hoton, na dakatar da mai shi, na maƙala bidiyon a sama yadda kowa zai fara cin karo da shi.

Ba a jima ba ɗan'uwan nawa ya faɗo shago yana huci. "Sista, kai ne ka goge abin da na sa? Saboda Bahaushen nan?"

"Ka je ƙauyen? Ka gani da idonka?"

"An turo mini ne."

"To ba a shagona za a kashe mutum da 'an turo mini' ba. Fita!"

Ya fita yana cewa sai ya gaya wa dangi. Ya kuwa gaya musu, muka daɗe ko gaisuwa ba ma yi.

Sai bayan la'asar na ji ƙarar babur. Abokina ya shigo ya zauna a benci, ko hular kwano bai cire ba, ya ce in ba shi ruwa. Ya ce matasa sun gitta itace a wata mararraba, sun tsayar da shi, sun tambayi sunansa. Ya faɗa. Ana ta zagaye shi, sai wani a cikinsu ya ɗaga waya ya ce, "Ku bar shi, rumbu ne." Na juya baya na yi kuka sosai.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini da zancen kafa nasa dandali, ba na fara masa da kwamfuta ko sola. Tambayarsa nake yi: ranar da naka ya rubuta abin da zai iya kashe wani, za ka iya gogewa? In ba za ka iya ba, ka ci gaba da zaman haya.