Malfar da ta tsallake kaina

Shekarun baya, wata Asabar bayan la'asar, ina tsaye a kan dandamali a filin firamaren unguwarmu, nan Unguwar Kanawa, na sha rawanin aro, jama'a maƙil har kan katanga, sai tsohonmu ya buɗe baki zai yi jawabinsa na ƙarshe, maganar ta ɓace masa ɓat.

Ya ce, "Ya ku jama'ar ayari..." Sai shiru. Ya gyara tsayuwa, ya sake cewa, "Ya ku jama'ar ayari..." Shiru kuma. A bencin gaba ga mutumin gidan talabijin da muka yi wata da watanni muna roƙo ya zo, ya fara duba agogo. Can wani ɗan iska daga kan katanga ya ɗaga murya ya ce, "Baba, batir ya mutu ne?"

Bari in ɗan koma baya don ku gane abin da ya kai mu nan.

Tsohon nan shi ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu bayan ya yi ritaya daga reluwe. Baba muke ce masa, yaro da babba. Shi ba ya wasan zamani. Ya ce rigimar gidan haya da ta miji da mata kowa na kallonta kyauta a tsakar gida, me zai sa a biya kuɗin ƙofa. Sai wasan zamanin da, na maƙera da mafarauta da fatake.

Ni kuwa lokacin ban da zama. Daga aji biyu na sakandare na ce wa boko sai wata rana. Na yi kwandasta a motar Kawo, na sayar da kaset, na shiga gyaran rediyo na ƙona na mutane biyu aka sallame ni. Wasan nan kaɗai ne na daɗe a ciki ba a kore ni ba, ban kuma kori kaina ba. Karatuna sai a hankali, amma Allah ya ba ni kunne. In aka karanta takardar wasa sau biyu a gabana, na haddace nawa da na kowa. Ga ni da kwaikwayon mutane. Baba ma ina yin sa tsaf, da tarinsa, da yadda yake jan "toooo" kafin ya yi magana. In ba ya nan yara sai su ce in yi musu Baba, su yi ta faɗuwa don dariya.

Wasan ranar na fatake ne. Wani madugu, wato shugaban ayari, ya tsufa a hanyar Gwanja wajen fataucin goro, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. A zangon ƙarshe zai tara jama'a ya yi musu ban kwana, ya cire malfarsa ya ɗora wa jagaba, mai shige wa ayari gaba. Baba ne madugu. Jagaba kuma ni ne.

Kowa a ƙungiya ya san ba wasa ne kawai ba. Baba ya riga ya faɗa mana daga wannan ya sauka, zai koma Katabu inda ya sayi ɗan fili, ya yi noma da kiwon kaji. Malfar kuma ta mahaifinsa ce, tsohuwar gaske, gefenta duk an bi shi da fata. Duk wanda aka ɗora wa, shi ne sabon shugaba. Ni har na fara tafiyar shugabanni a unguwa. Na je wanzami ya yi mini aski tal, don malfa ta zauna daram.

Sai kuma abokina. Tare muka taso, layinmu ɗaya. Shi tela ne, ɗinkin kayan wasa ya kawo shi cikinmu, ni ma na jawo shi. Saboda shi muka mai da gwajin ranar Lahadi zuwa yamma, sai ya taso daga coci. Mutum ne mara hayaniya, in ya ga mutum biyar sun taru sai muryarsa ta shige ciki. Da aka rasa mai ɗaukar gorar ruwa sai Baba ya ce a ba shi. Maganarsa duka-duka a wasan ita ce, "Ga ruwa, Madugu." Ita ma sai da na yi sati ina koya masa a bayan shagonsu.

To, mu koma dandamali.

Da yaron nan ya yi maganar batir, wuri ya ɗauki dariya. Na dubi mutumin talabijin, na ga ya fara tattara babbar rigarsa kamar mai shirin tashi. Na ce a raina, wallahi ba za a yi asarar nan a gabana ba. Jawabin yana kaina tun daga farko har ƙarshe. Sai na taka gaba, na sha gaban Baba, na yi tarin nan nasa, na ja "toooo", na zuba jawabin madugu da muryarsa sak.

Kai, ranar na ga tafi. Mata na guɗa, na kan katanga na fito. Ana cewa, "Sak! Wallahi sak!" Wani ya ce, "Tsoho je ka huta, ga sabon batir!" Mutumin talabijin ya koma ya zauna yana ƙyaƙyatawa. Ni ban waiwaya ba, ban san yadda fuskar Baba take ba. Daɗi kawai nake ji.

Ina tsakiyar jawabi sai na ji an bangaje ni kaɗan. Abokina ne, da gorarsa, alhali lokacin shigowarsa bai yi ba. Ya wuce ni ya je gaban Baba ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Ga ruwa, Madugu." Na ce shi ke nan, ya faɗi tasa zai fita. Ashe bai gama ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Jagaba, dakata mana. Maƙogwaronsa ne ya bushe. Tun kafin a haife mu yake gaban ayarin nan, ko rani ko damina. In yau ya yi shiru, ai sai mu jira shi."

Ba ya cikin takarda. Ko kalma ɗaya ba ta ciki. Wuri ya yi tsit, har kana jin kukan akuyar makwabta.

Baba ya karɓi gora ya sha a hankali. Ya daɗe yana sha, wallahi gorar ma ba ruwa a ciki, ni na sani don ni na rataya wa abokina ita. Ya goge baki da hannun riga. Bai koma jawabin takarda ba. Ya ce, "Jama'ar ayari, ƙafa ta gaji, ido ya gaji, yau ga shi harshe ma ya gaji. Na kawo ku inda zan iya. Wanda na taka a hanya ya yafe mini." Wata tsohuwa a bencin mata ta ce, "Mun yafe, Madugu," kamar da gaske. Na ga masu share ido da bakin gyale.

Sai ya kai hannu kan malfa. Na ce alhamdulillahi, an dawo hanya. Na zube a gabansa kamar yadda muka gwada, na cire rawani, na sunkuyar da askina mai ƙyalli. Ina jira. Ina jira. Sai na ji tafi ya ɓarke, kaina kuma ba komai sai rana. Na ɗago. Malfa tana kan abokina, ta rufe masa ido har hanci, don kansa ƙarami ne.

Ban san irin fuskar da na yi ba a lokacin. Daga baya dai na sani, zan zo wurin.

Ana sauke labule na bi Baba bayan aji inda muke sauya kaya. Yana zaune kan benci yana kwance rawani. Na ce, "Baba, ba haka aka tsara ba fa."

Ya ce, "Me aka tsara?"

Na ce, "Jagaba ake ɗora wa. Ni."

Ya dube ni ya ce, "Au, haka ne? Ka ga ai yau mantuwa nake ta yi, ɗana." Ya ci gaba da naɗe rawaninsa.

Har yau ban san ko zolaya ce ko gaskiya ba. Ina tsaye ina huci sai ga abokina ya zo da malfa a hannu, ya ce, "Karɓi abinka, wallahi ni ban nema ba. Ni da ko magana ban iya ba." Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ya yi mini gori da na samu abin faɗa. Na ce, "Riƙe kayarka, Madugun allura da zare." Na fice ko wankin fuska ban yi ba.

Na isa gida da gemun wasa da aka zana mini da gawayi a haɓa. Mahaifiyata tana tankaɗe, ita ma ta je kallon. Na zauna na fara zuba: ni na ceci wasan, ba don ni ba da mutumin talabijin ya tafi, shekarata nawa ina ɗaukar benci a ƙungiyar nan, shi kuwa jiya-jiya ya zo, kuma ni na kawo shi. Ta bar ni sai da na gaji. Ta ce, "Ai ka yi ƙoƙari. Har ni na yi dariya, Allah ya yafe mini."

Na ce, "To Inna, laifina mene ne?"

Ta ce, "Ni ban ce laifi ba. Ka tuna shekarar da babanku zai bar aiki? Akwai ranar da ya dawo ya ƙi cin tuwo. Ba a zage shi ba, ba a rage masa ko kwabo ba. Yana magana ne a gaban manya ya ɗan yi tuntuɓe, sai yaron da ya koya wa aiki ya ƙarasa masa. Har ya rasu yana tuna ranar." Ta buga rariya a gefen ƙwarya, ta ce, "Tashi ka wanke gemun nan, ka yi kama da bunsuru."

Ban yarda da ita ba a ranar. Na yi sati biyu ba na bi ta ƙofar shagon abokina, sai in zaga ta bayan masallaci.

Sai ga saƙo daga gidan talabijin, wai suna son wasan. Amma yadda aka yi shi ranar Asabar suke so, ba yadda yake a takarda ba. Madugu zai manta, jagaba zai yi masa shisshigi, mai gora zai shigo. Baba ba sai ya haddace komai ba, shirunsa ma ya zama wasa. Ni kuma da muka je, mutumin talabijin ɗin ya dafa kafaɗata ya ce, "Samari, fuskar nan da ka yi da malfa ta wuce ka, ita nake so. Za ka iya maimaitawa?"

Na ce zan gwada. Da aka zo ɗauka, na ɗago na ga malfar a kan abokina, sau ɗaya aka ɗauka ba a sake ba. Mutumin ya ce bai taɓa ganin ɗan wasa irina ba. Ban gaya masa ba wasa nake ba.

An nuna shi, an sake nunawa, da Sallah ma an maimaita. A gidan makwabcinmu mai talabijin muke kallo, yara cike da tsakar gida, duk inda aka zo wurin sai su juyo su kalle ni. Daga nan sunana ya koma Jagaba Ba Malfa, har a tashar Kawo. Abokina kuwa ya riƙe ƙungiya shekaru. Bai iya jawabi ba har ya sauka, amma ba wanda ya taɓa barin ƙungiyar da fushi, kuma duk babban matsayi a wasa ni yake ba wa. Wannan ma haushi yake ba ni, don ba ya barin mutum ya ƙi shi cikin kwanciyar hankali.

Yanzu ni ma furfura ta fito. Kwanaki ina ba da labari a majalisa sunan wani gari ya ɓace mini, kafin in lalubo wani yaro ya cafe ya faɗa, har da ƙarasa mini labarin. Daidai ya faɗa, ba kuskure. Na dawo gida tuwo ya ƙi shiga. Sai Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙanta. Amma kar ku ɗauka na huce gaba ɗaya. Malfar tana nan rataye a shagon abokina, sama da keken ɗinki, duk ranar da na je shan shayi sai na ɗaga kai na harare ta. Shi kuma sai ya ce, "Ka gwada mana, ba kowa." Ban taɓa gwadawa ba. Abin da ba a ɗora maka ba, in ka ɗora wa kanka hula ce kawai.

Baba kuwa, bayan ya koma Katabu kunya ta hana ni zuwa. Sai na tuna ba ya rabuwa da ƴar rediyonsa, ko gona da ita yake zuwa. Na sayi katin gaisuwa na gidan rediyo, irin wanda ake karantawa da rana. Rubutuna kamar tafiyar kaza, dole abokin nawa dai na kai wa ya rubuta, yana yi yana danne dariya. Ƴar Baba ta ce mini ranar da aka karanta sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ga abin da na ce a rubuta:

"Daga Jagaba Ba Malfa na Unguwar Kanawa, zuwa ga Madugu uban tafiya da ke Katabu. Ina gaishe ka da sauke kaya lafiya, ina gaida kaji. Ranar nan maƙogwaronka ne ya bushe, ni ne ban kawo ruwa ba. Amma Baba, in akwai wata tsohuwar malfa a ɗaki, ko ta ɓule ce, kaina yana nan yadda ka bar shi, rana na dukansa."