Mika'ilu da Ruwan Injin Barci

Mika'ilu mutumin Damagaram ne, amma hanyar arewa ya fi sani. Tun yana saurayi ya shigo Tamanrasset ta kudancin Aljeriya a bayan wata babbar mota, ya koyi tuƙi, ya tsufa yana ɗauko garin fulawa da siminti daga arewa. Ƙato ne mai kaurin wuya. Direbobi sun san shi da haƙuri da mota, sun kuma san shi da minshari. Duk inda aka ya da zango, sai kowa ya ja tabarmarsa nesa da shi. Matarsa Nuriyya ta daɗe tana faɗa masa cewa abin ya wuce minshari, numfashinsa ɗaukewa yake yi, sai ta zungure shi ya dawo. Shi kuwa dariya yake yi.

Dariyar ta ƙare wata rana da hantsi kusa da In Amguel. Barci ya sace shi a kan sitiyari, motar ta sauka daga kwalta ta nitse cikin yashi. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, amma mai motar ya karɓi makulli ya ce sai ya ga likita. A Alje, babban birnin ƙasar da ke bakin teku, aka gwada shi, aka ba shi wani inji mai tiyo da abin rufe hanci, wanda ke hura masa iska yana barci. A gefen injin akwai ɗan tanki na roba da ake zuba wa ruwa don iskar ta yi laushi. Likita ya ce tataccen ruwa zai riƙa zubawa, irin wanda ake sayarwa a farmasi.

Da farko abin kamar an sake haihuwarsa. Ya daina gyangyaɗi a kan tuwo, ciwon kan safe ya tafi. Sai ruwan da ya taho da shi ya ƙare.

Ya je farmasin unguwa, matar da ke wurin ta girgiza kai. "Babu, ya Hajj. Motar kaya ba ta iso ba."

"Wace mota? Ni na san duk motocin da ke kan hanyar nan."

"Ka dawo wani mako."

Ya dawo, babu. Ya zaga gari, wani ya miƙo masa ƴar ƙaramar kwalbar ruwan allura wadda ko cokali ba za ta cika ba. Ya koma gida yana huci, ya tara tankin a bakin famfo.

Nuriyya ta ce, "Baban Khalida, ba likita ya hana ba?"

"Likita a bakin teku yake zaune. Ruwan da nake sha, nake alwala da shi, shi zai kashe roba?"

Ba a jima ba ƙasan tankin ya yi fari fat da wani ɓawo mai tauri, irin wanda ke kama butar shayi. Daga nan masu ba da shawara suka yi masa caa. Maƙwabci ya ce a tafasa ruwan. Nuriyya ta tafasa, ɓawon ya ƙara kauri. Wani mai lambu ya aiko masa da ruwan rijiya daga Abalessa, ya rantse ba ruwan da ya kai shi daɗi a duk yankin Hoggar. Daɗi kam yana da shi, amma tanki bai san daɗi ba. Khamisu bakanike, abokinsa tun zamanin karen mota, ya ɗauko wani galan daga ƙarƙashin benci ya dire masa.

"Ruwan batir ne, Direba. Shi ne tataccen ruwan da suke ta yi maka Faransanci a kai."

Mika'ilu ya kai galan gida da murna. Nuriyya ta buɗe ta sunsuna, ta duba bakin galan ɗin da ya yi baƙi da man inji, ta fita da shi waje.

"Wallahi ba za ka shaƙi wannan a ɗakina ba. Ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki?"

"To me kike so in yi? In matse gajimare?"

Ranar bai ci abincin rana ba. Ya zauna a tsakar gida da tankin da wuƙar yanka albasa yana kankare ɓawon, yana mita shi kaɗai. Da ya danna da ƙarfi sai ya ji ƙas. Robar ta tsage daga ƙasa har baki. Ya riƙe ta yana kallo, Nuriyya kuma ta juya ta shige kicin.

Duk Tamanrasset ba a sami irin tankin ba. Ya gwada injin ba ruwa, iskar garin kuwa busasshiya ce ko ba inji. Yana tashi da maƙogwaro kamar an goge da yashi, hancinsa yana haɓo. Ƙarshe ya naɗe tiyon, ya cusa injin cikin jakarsa, ya ɗora a kan kabad, ya ce da ma can da ransa kafin a ƙera shi.

Gyangyaɗi ya dawo. Ranar wata Juma'a, yana sahun gaba liman yana huɗuba, kansa ya faɗi a ƙirji, minsharinsa ya cika masallaci. Wani dattijon Buzu da ke kusa ya taɓa masa gwiwa a hankali, samari a baya suna ƙunshe dariya. Mika'ilu, wanda ya yi shekaru ana ba shi wuri a majalisar direbobi, ya fita ta ƙofar gefe bai gaisa da kowa ba.

Nuriyya ce ta nemo lambar likitan, ta buga, ta sa masa wayar a hannu. Mika'ilu ya zayyana komai, har da wuƙar albasa. Likitan ya ce tataccen ruwa ya fi, amma in babu, ya zuba ruwan sha na kwalba, ya zubar da ragowar kowace safiya, ya jiƙa tankin da ruwan kal, wato binega, lokaci lokaci, ɓawon zai narke. Ruwan gareji kuwa kada ya kusance shi. Abin da ya fi komai haɗari, in ji shi, shi ne ajiye injin.

"To me ya hana ka faɗa mini haka tun a Alje?"

"Ba ka tambaya ba, ya Hajj."

Mika'ilu ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon bango. Wata nawa yana yawo a gari kamar mai neman maganin maye, ya ɓata da matarsa, ya fasa tanki, ya ji kunya a masallaci, a kan maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Wani direba da ya koya wa aiki ne ya kawo masa sabon tanki daga arewa, naɗe cikin rawani don kada ya fashe. Yanzu kowace safiya bayan ya sha shayi za ka gan shi a bakin ƙofa yana wanke shi da yatsa ɗaya, yana kifewa a inuwa. Barci ya gyaru. Mai motar dai har yanzu yana cewa a bari a ga yadda jiki zai yi, don haka Mika'ilu yakan wuni a garejin Khamisu, yana gyara wa yaran direbobi kuskure, yana yi musu faɗa in suka taka burki a gangara ba su sauya giya ba.