Askin Baba na Ranar Juma'a

Saƙon ɗaukar aikin ya same ni ne a cikin mota, tsakanin Gwadabawa da Illela, an matse mu mu huɗu a baya, buhun wani ya danne mini ƙafa. Na buɗe waya na ga wata jami'a a Turai ta amince in je in koyar da Hausa har shekara uku. Na karanta sau biyu na mayar da wayar aljihu. Ko murna ban samu na yi ba, kan Baba ne ya faɗo mini a rai.

Shekara huɗu ke nan ni nake yi wa mahaifina aski. Da can dillalin shanu ne a karar Illela, mutum mai murya, ranar kasuwa tun daga bakin titi ake jiyo shi. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace. Daga nan ko zaure ya daina fita, ya kuma ce wanzami ba zai ƙara taɓa kansa ba. Ba ya son wanda ya san shi a tsaye ya gan shi ana share masa yawu. Ni kuwa a Sakkwato nake koyarwa, saboda haka kowace Juma'a da sassafe nake shigo mota, in sa a ɗora ruwa, in zaunar da shi a tabarma ya jingina da gwiwata, in shafa sabulu in bi da reza. Ba ma wata hira mai tsawo. Yakan tambaye ni ko an yi ruwa a hanya, ni kuma in ce ya daina motsi.

Wata biyu aka ba ni in shirya, kuma a cikin wata biyun nan zama ya gagare ni. Na je Abuja neman biza na dawo, aka ce hoton bai yi ba, na sake komawa. Na shiga gwanjo na sayi rigar sanyi mai nauyi, na gwada ta a tsakar gida cikin zafin bazara, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce na koma buhun albasa. Na ƙulla kuka da daddawa na kwance, na sake ƙullawa. In na zauna tsara darasin gaisuwa da zan fara koya wa ɗaliban can, layi biyu nake rubutawa in miƙe in kama zagaye ɗaki. Duk abin da na sa a gaba yana tafiya, ban da abu guda, wanda zai karɓi rezar nan daga hannuna.

Ban taɓa zama na faɗa wa Baba zancen tafiyar ba, Inna ce ta gaya masa. Shi kuma bai ce mini komai ba, sai na ɗauka gara in gyara abin a hankali ba tare da surutu ba.

Na fara da ƙanena. Magidanci ne da 'ya'yansa, babur yake ja, yana kai kaya Ƙonni yana dawowa, hannunsa duk kanta, kuma mutum ne da ko shayi a tsaye yake sha. Na ce ya zo ya tsaya ya ga yadda nake yi. Ya zo, ya tsuguna, wayarsa tana ta ƙara ana neman sa a bakin iyaka. Baba ya ɗaga ido ya dube shi.

"Mi wanga ka yi nan?"

Na ce, "Koyo zai yi, Baba."

"Kaina ba tayar babur ba ta," in ji shi, ya juya fuska bango. Ƙanena ya karkaɗe wando ya fita, kuma na ga alamar daɗi ma ya ji.

Mako na gaba na zo da injin aski mai caji, na ce ko Inna za ta iya da wannan. Ina kunna shi Baba ya sa hannun hagu ya ture, ya ce a kai injin niƙan nan waje. Na je wurin tsohon wanzaminsa na roƙe shi, dattijon ya ɗauko zabirarsa ya biyo ni har ƙofar gida, Baba ya aiko a ce masa barci yake yi. Na raka mutumin nan ina ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse.

Ranar nan raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da saurin fushi, a wurin Baba na gada. Ina cikin askin, kansa rabi da kumfa, na ce, "Baba, in so kake in fasa tafiyar nan, ka faɗa mini kawai in huta."

Na ji wuyansa ya sandare a jikin gwiwata. Na ƙarasa, na wanke rezar, na yi sallama ya amsa ciki-ciki. A mota na rubuta wa jami'ar cewa ina roƙon a ɗaga mini zuwa baɗi, alhali na san ba ɗagawa za su yi ba, wani za su ɗauka. Ban aika ba, ban kuma goge ba. Kwana shida ina buɗe saƙon nan ina rufewa, a aji, a masallaci, a wurin mai shayi. Ina son aikin nan, shekaru na yi ina nemansa. Amma da na tuna Baba zaune gashi ya cika masa kai, yana susa da hannu ɗaya, sai abinci ya fita raina.

Juma'ar ƙarshe, saura kwana huɗu jirgi ya tashi, na sauka a tasha na sayi sabuwar reza. Na riga na yanke cewa ina gama askin zan aika saƙon, kowa ya huta. Na hau babur zuwa gida ina ta tsara yadda zan gaya wa Inna.

A zaure na sami Baba. Zauren da ya yi shekara huɗu bai taka ba. Yana zaune a kan buzu, hula a cinya, kai fes an aske, da yanka biyu an manna musu auduga. Ƙanena yana gefe yana zubar da ruwan kwano, ya kasa haɗa ido da ni. Daga baya Inna ta ce tun da asuba Baba ya aika a kira shi, ya hana shi fita aiki, ya kuma ce a zaure za a yi, kowa ya wuce ya gani.

Na tsaya da rezata a hannu kamar baƙo.

"Ka iso?" in ji Baba. "An yi ruwa hanya?"

Na ce ba a yi ba. Ya kamata in ji sanyi a raina, amma kishi na ji, kishi sosai, irin na yara. A nan na gane ashe duk makonnin nan ƙin da yake yi daɗi yake mini.

Na durƙusa gaishe shi, sai na hango wani ɗan gashi da aka bari a bayan kunnensa. Ban san lokacin da na fara ɓare takardar rezar ba. Baba ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

"Bar shi," ya ce. "Ba aikinka ba na yanzu. Jumu'a mai zuwa ƙanenka ya gani da kai nai. Kai tahi ka ɗaure kayanka."

Ya daɗe bai saki hannun ba.